Digirin bincike a fannin aikin jinya: Abin da ya kamata a sani kafin a nema

Digirin bincike a fannin aikin jinya karatu ne na gaba da digirin farko, wanda ake auna ɗalibi a cikinsa da nazarin da ya gudanar da kansa, ya rubuta cikin kundi, ya kuma kare a gaban masana. A jami'o'in Najeriya mataki biyu ne. Akwai digiri na biyu, wanda ake kira MSc, sai digiri na uku, wato PhD, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna digirin digirgir. Wasu jami'o'in suna da wani mataki a tsakaninsu mai suna MPhil, wanda ake tura ɗalibin da sakamakonsa bai kai a ɗauke shi digiri na uku kai tsaye ba.

Da yawa daga cikin masu neman wannan karatu suna shiga ne da tunanin ƙarin girma a wurin aiki, sai daga baya su gane cewa manufarsa ita ce horar da mutum ya iya yin tambaya a kan abin da yake gani a asibiti, ya nemo amsarta da hujja. Wanda ya fahimci haka tun farko yakan zaɓi jami'a da batu da malami da idon basira. Wanda bai fahimta ba yakan ɓata shekaru da kuɗi, wani lokaci ma ya ajiye karatun a tsakiya.

Asalin bincike a aikin jinya

Ana danganta mafarin wannan fanni da Florence Nightingale, 'yar Ingila da ta jagoranci ayarin ma'aikatan jinya a Yaƙin Kirimiya, wanda aka gwabza daga 1853 zuwa 1856. Ta tattara alƙaluman mace-macen sojoji, ta nuna cewa cututtukan da ƙazanta da cunkoso ke haifarwa sun fi raunukan fagen fama kashe su. Da waɗannan alƙaluma ta matsa wa hukumomi lamba har aka gyara tsarin tsaftar asibitocin soja. A 1860 ta buɗe makarantar horar da ma'aikatan jinya a Asibitin St Thomas da ke Landan. A wannan makaranta ce daga baya Kofoworola Abeni Pratt ta yi karatu, wadda ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta riƙe muƙamin babbar jami'ar jinya ta Najeriya.

A Najeriya an daɗe ana koyar da jinya a makarantun da ke manne da asibitoci kafin ta shiga jami'a. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen nazarin aikin jinya a 1965, Jami'ar Ife ta biyo baya a shekarun 1970. A 1979 aka haɗa hukumar ma'aikatan jinya da ta ungozoma wuri guda, aka kafa Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda har yau ita ce ke yi wa ma'aikata rajista da ba su lasisi. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri da ta Jos duk suna da sassan nazarin jinya, sai dai matakin da kowace ta kai wajen bayar da manyan digirori ya bambanta. Saboda haka wajibi ne mai nema ya duba tallar makarantar gaba da digiri ta jami'ar da yake so a shekarar da zai nema.

Tasirin irin wannan bincike a zahiri yake. A 2002 Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania, wadda ita kanta ma'aikaciyar jinya ce, ta jagoranci nazari a asibitoci 168 na Amurka. Sakamakon ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara a kan nauyin da ke wuyan nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. A 2014 ita da abokan aikinta suka wallafa wani nazarin a mujallar The Lancet, daga asibitoci 300 a ƙasashen Turai tara, suka sami kusan wannan sakamako, tare da ƙarin cewa asibitin da ya fi yawan ma'aikatan jinya masu digiri ya fi ƙarancin mace-mace. Ƙorafin ƙarancin ma'aikata tsohon abu ne, amma da ya zama alƙaluma sai masu tsara kasafi suka fara saurare.

Bambancinsa da kwasa-kwasan ƙwarewa

Akwai hanyoyi uku na ƙaro ilimi da ake yawan cakuɗa su. Ta farko ita ce kwasa-kwasan ƙwarewa da ake yi bayan rajista, kamar jinyar ɗakin tiyata, da ta ido, da ta ƙananan yara, da ta masu taɓin hankali, da aikin sa barci, da jinyar masu buƙatar kulawar gaggawa. Waɗannan suna ƙara wa ma'aikaci gwanintar hannu da ƙarin rajista, kuma su ne suka dace da wanda burinsa shi ne ya ci gaba da aiki a gefen gadon majinyaci. Ta biyu ita ce zama ɗan Kwalejin Ma'aikatan Jinya ta Afirka ta Yamma, wadda ke bayar da shaidar ƙwarewa ta sana'a. Ta uku ita ce digirin bincike na jami'a, wanda ke shirya mutum domin koyarwa da nazari da tsara manufofi.

A Amurka ma akwai irin wannan rarrabewa a matakin dakta. Suna da DNP, wanda ya karkata ga aiwatar da ilimin da aka riga aka samu a asibiti, suna kuma da PhD, wanda ya karkata ga samar da sabon ilimi. Mai neman karatu a waje yana bukatar sanin wanne ne ma'aikatarsa ko jami'arsa za ta karɓa kafin ya biya ko sisi.

Sharuɗɗan shiga

Tushen shiga shi ne digirin farko na aikin jinya, BNSc, wanda ake yi cikin shekara biyar, tare da lasisi mai aiki da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa. Galibin jami'o'i ba sa karɓar abin da ya gaza daraja ta biyu a digirin farko, kuma suna sake duba sakamakon sakandare, musamman Ingilishi da lissafi da darussan kimiyya. Ma'aikacin da ya fito daga makarantar jinya da rajista kaɗai sai ya fara yin digirin farko, ko ta shiga jami'a kai tsaye a aji na gaba, ko ta tsarin karatu daga nesa irin na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa.

Digiri na uku yana buƙatar digiri na biyu mai kyakkyawan sakamako, da taƙaitaccen tsarin binciken da mutum ke son yi, da wasiƙun shaida daga malaman da suka san shi. Akan yi jarrabawar tantancewa ko ganawa ta baki. Abin da ya fi jinkirta masu nema shi ne takardar cikakken sakamako da tsohuwar jami'a ke aikawa, domin takan ɗauki watanni. Masu hangen nesa sukan nemi a aika ta tun kafin a buɗe sayar da fom.

Yadda karatun ke gudana

Digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ga mai cikakken lokaci, digiri na uku kuwa mafi ƙaranci shekara uku. Wannan shi ne abin da ke rubuce, amma a aikace da dama sukan zarce.

Shekarar farko ta darussa ce: dabarun bincike, da ilimin ƙididdiga, da ra'o'in aikin jinya, da darussan fannin da mutum ya zaɓa, kamar lafiyar mata da yara, ko lafiyar al'umma, ko jinyar manya, ko lafiyar ƙwaƙwalwa, ko koyarwa da gudanarwa. Daga nan ɗalibi zai gabatar da tsarin bincikensa a gaban malaman sashe. Idan suka amince, sai ya nemi izinin kwamitin ɗa'a, ya fita tattara bayanai, ya tace su, ya rubuta kundi. Yawancin kundaye babi biyar ne: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin bincike, sakamako, sai tattaunawa da shawarwari. Bayan karewa ta cikin gida, akan gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a domin karewa ta ƙarshe. Jami'o'i da yawa suna sharɗanta wa ɗalibin digiri na uku ya wallafa maƙala daga kundinsa kafin a yaye shi, suna kuma bi ta kan rubutun da manhajar gano satar fasaha irin su Turnitin.

Hanyoyin binciken sun kasu gida uku. Akwai mai dogaro da alƙaluma, inda ake raba takardun tambayoyi ko a ɗebo bayanai daga fayilolin asibiti, a tace da manhaja irin su SPSS. Akwai mai dogaro da zantawa mai zurfi da mutane ƙalilan, domin gano dalilan da alƙaluma ba sa bayyanawa. Akwai kuma mai haɗa biyun. Misali, alƙaluma za su iya nuna adadin matan da suka zo awon ciki amma suka haihu a gida, sai dai zantawa ce za ta fito da dalili, ko nisa ne, ko kuɗi, ko kunyar haihuwar fari, ko jiran izinin miji, ko kuma irin tarbar da suka taɓa samu a ɗakin haihuwa.

Mai bincike a ƙasar Hausa yana da ƙarin aiki na fassara. Ma'aunan da ake amfani da su galibi da Ingilishi aka tsara su, don haka ƙa'ida ita ce wani ya fassara zuwa Hausa, wani daban ya mayar zuwa Ingilishi ba tare da ya ga na asali ba, a kwatanta, sannan a gwada a kan mutane kaɗan. Kalma kamar damuwa tana iya ɗaukar ma'anoni da dama da likitancin ƙwaƙwalwa ya rarrabe, kuma kuskure a nan yana iya rushe sakamakon baki ɗaya.

Zaɓen batu da malami mai duba aiki

Batu mai kyau yakan fito ne daga abin da ma'aikaci ya daɗe yana gani a ɗakin majinyata. Arewacin Najeriya cike yake da tambayoyin da ke jiran amsa. Binciken Lafiya da Ƙidayar Jama'a na Ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ne ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 Najeriya ce ke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan matan da suka rasu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa. Akwai jijjigar masu ciki da zubar jini bayan haihuwa. Akwai yoyon fitsari, wanda ake yi wa aiki a cibiyoyi irin su ta Babbar Ruga da ke Katsina. Akwai cutar noma, wadda ke da asibitinta na musamman a Sakkwato. Akwai amosanin jini, da tamowa, da mashaƙo da ta ɓarke a Kano a 2023, da gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, da halin ƙwaƙwalwar waɗanda rikici ya raba da gidajensu.

Tarihi ya nuna amfanin duba al'adar gida da idon bincike. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun yi nazarin ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da wasu al'adun jego, kamar shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Ma'aikatan jinya da ungozomomi, waɗanda suka fi kowa daɗewa tare da mai jego, su ne suka fi cancantar ci gaba da irin wannan nazari.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar batu mai faɗi. Nazarin mace-macen mata a Arewa baki ɗaya ya fi ƙarfin ɗalibi guda, amma nazarin yadda ungozomomi a cibiyoyin lafiya na ƙaramar hukuma ɗaya ke gane alamun jijjiga da tura mai ciki babban asibiti abu ne da za a iya kammalawa, a kuma yi aiki da sakamakonsa. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Malami mai duba aiki kuwa shi ne rabin karatun. Kafin a zaɓi sashe, yana da kyau a karanta abin da malamansa suka wallafa, a tambayi tsofaffin ɗalibai yawan waɗanda suka kammala a hannun kowane malami da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya dawo da gyara. Masu digiri na uku a fannin jinya ba su da yawa, don haka malami guda yakan riƙe ɗalibai da dama. Ɗalibin da ke rubuta abin da aka cimma a kowace ganawa, ya kuma kawo gyara a kan lokaci, ya fi saurin fita.

Ɗa'ar bincike

Ba a taɓa majinyaci ko fayil ɗinsa da sunan bincike sai da izinin kwamitin ɗa'a. Manyan asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi suna da irin waɗannan kwamitoci, a ƙarƙashin kulawar Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007. Ginshiƙan su ne a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya amince da son ransa, a ɓoye sunansa, a kuma tabbatar masa cewa ƙin shiga ba zai rage masa kulawa ba. Ga ƙananan yara, sai da amincewar iyaye.

Mutanen Kano sun san muhimmancin wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani nazari da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa. Yara 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a nemi amincewarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, a 2009 kuma aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan lamari yana cikin abubuwan da ake ambatawa idan ana bayanin ƙin allurar shan inna da aka yi a 2003. Duk ɗalibin da ya shiga unguwa da takardar tambayoyi yana cin gajiyar amanar jama'a ne, kuma sakacinsa yana iya shafar waɗanda za su zo bayansa.

Kuɗi da hutun karatu

Kuɗin makaranta wani yanki ne kawai na abin da za a kashe. Akwai sufuri da masauki, da ladan mataimakan tattara bayanai, da kuɗin kwamitin ɗa'a, da na intanet, da na buga kundi, da na wallafa maƙala. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙaro karatu ga malaman jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi mallakar gwamnati, amma nas ɗin da ke aiki a asibitin jiha ba ya cikin wannan tsari. Ga masu son fita waje, akwai tallafin Commonwealth da na Chevening daga Birtaniya. Chevening na digiri na biyu ne na shekara guda, yana buƙatar ƙwarewar aiki ta aƙalla shekara biyu, da alƙawarin komawa gida na shekara biyu bayan kammalawa.

Ma'aikacin gwamnati yana da zaɓin hutun karatu da albashi ko ba albashi. Mai albashi yakan zo da yarjejeniyar dawowa a yi wa ma'aikata aiki na wani lokaci. Abu mafi muhimmanci shi ne a karɓi amincewar a rubuce kafin a fara, domin takardar shaidar da aka samo ba da izini ba tana iya gamuwa da cikas wajen shigar da ita fayil. Wanda ya zaɓi haɗa karatu da aiki kuma ya sani cewa aikin dare da rubutun kundi ba sa jituwa sai da tsari da fahimtar shugaban sashe.

Ƙalubalen da aka saba gani

Yajin aikin malaman jami'a yana cikin manyan abubuwan da ke tsawaita karatu. Na 2020 ya ɗauki kimanin wata tara, na 2022 wata takwas. Akwai matsalar wuta da intanet, da rashin cikakkun bayanai a fayilolin asibiti, da tsaro a wasu yankunan da ake son yin nazari. Mata su ne mafi yawa a wannan sana'a, kuma da yawansu suna karatun ne da goyo ko ciki, don haka goyon bayan miji da dangi yana da tasiri kai tsaye a kan kammalawa.

Akwai kuma tarkuna biyu. Na farko shi ne masu rubuta wa ɗalibai kundi a biya su. Kundin da aka saya yakan tonu a ranar karewa, ko kuwa ya bar mai shi da takardar da ba zai iya aiki da ita ba. Na biyu shi ne mujallun bogi, waɗanda ke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin 'yan kwanaki ba tare da masana sun tantance ba, kuma jami'o'i da dama ba sa lissafa su. Dangane da samun abin karantawa, rumbun PubMed kyauta ne, shirin Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu, shafin AJOL kuma yana tattara mujallun Afirka.

Bayan kammalawa

Hanya mafi bayyana ita ce koyarwa. A galibin jami'o'i ba a kai wa muƙamin babban malami sai da digiri na uku, kuma sababbin sassan jinya da kwalejoji suna neman ƙwararru. Akwai kuma sassan tsare-tsare da bincike na ma'aikatun lafiya, da hukumomin lafiya a matakin farko, da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa masu bukatar wanda ya iya sa ido da auna sakamakon ayyuka. A asibitin gwamnati kuwa ƙarin girma yana bin tsarin aiki da shekaru da guraben da ake da su, saboda haka ya kamata ma'aikaci ya tambayi ofishin kula da ma'aikata abin da digirin zai sauya masa tun kafin ya fara.

A farkon 2024 Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta bayyana cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Cike wannan giɓi yana buƙatar sababbin ɗalibai, ɗalibai kuma suna buƙatar malamai, malaman kuwa daga wannan karatu suke fitowa. Mai niyyar nema zai taimaki kansa idan ya zauna ya amsa tambayoyi huɗu kafin ya sayi fom: wace matsala yake son warwarewa, wane malami ne zai duba aikinsa, daga ina kuɗin zai fito har ƙarshe, kuma wace ma'aikata ko asibiti ce za ta yi aiki da abin da ya gano.